Igiyar Gidaɗo

Ubana bai saki igiya ba. Da wannan nake farawa, don yanzu a Gawon Nama, unguwarmu ta Sakkwato, in ka tare mutum goma ka tambaye su, tara za su ce maka ya saki, na goman ya ce Allah ne masani. Kuma ba wani maƙiyi ne ya jawo masa ba. Ni ce, Murja, 'yar cikinsa, malamar makaranta mai ji da kanta ta iya rubutu.

Sunansa Gidaɗo, maginin rijiya ne. Shi da amininsa Malami suka gina rabin tsofaffin rijiyoyin unguwarmu, tun ba a san burtsatse ba. Aikin na mutum biyu ne, ɗaya ya sauka da igiya ɗaure a ƙugunsa, ɗaya ya tsaya a baki ya riƙe. Na ƙasa da igiya yake magana: ya ja sau ɗaya a turo masa guga, ya ja sau biyu a fito da shi. Shi ya sa mai igiya ba ya magana, ba ya waiwaye, ko sallama aka yi masa ba ya amsawa sai na ƙasa ya fito. A zamanin kowa ya san haka, ba mai jin haushi.

Ina shekara huɗu rijiya ta rufta da Malami. Sun ratsa marmara sun iske yashi mai ruwa, gefe ya zubo masa. Baba ne a sama. Igiya ta ɗaure tam, in ya ja da ƙarfi ta yanka mutum, in ya sassauta yashi ya haɗiye shi. Sai ya riƙe. Mutane suka taru suna haƙa ta gefe, wasu na ce masa ya ɗaure ta a jikin dogonyaro ya huta, bai ko dube su ba, don itace ba ya jin an ja igiya, hannu ne ke ji. Kuma yana ji. Har azahar Malami na ja sau biyu, sau biyu. Daga hantsi har bayan la'asar Baba na tsaye a wurin. Da aka ciro Malami ya riga ya cika, igiyar na ƙugunsa, ɗaya bakin kuma sai da aka ɓamɓare shi daga hannun Baba tare da fatar tafinsa. Har ya koma ga Allah yatsunsa ba su sake dunƙulewa ba, da cokali yake cin tuwo.

Bai sake gina rijiya ba. Ya fasa ƙofa a katangar da ta raba gidanmu da na Malami, ya ce daga yau tukunya ɗaya ce. Matar Malami, Gwaggo Balaraba, ta zama 'yar'uwar Innarmu. Ɗansu Ƙasimu, da ya girme ni da shekara biyu, a kwano ɗaya muka tashi, Yaya nake ce masa. Da ya yi aure ya samu ɗa namiji, sunan Baba ya sa masa.

Bayan rasuwar Baba na zauna na rubuta wannan duka. Shekara uku ina yi. Babin igiyar kaɗai shafi goma sha ɗaya ne, ba wanda ya yi magana a ciki, daga abin da hannu ke ji sai abin da zuciya ke faɗi. Sunayen kuwa ban canja ko ɗaya ba. Na ce sarakuna da attajirai sunansu na cikin littafi, me zai hana na maginin rijiya? Da aka buga na kawo gida na karanta wa Inna da Gwaggo Balaraba a tsakar gida, don su biyun ba su yi boko ba. Suka sha kuka, suna yi suna gyara mini. Gwaggo ta ce ba Talata ba ce, Laraba ce. Inna ta ce da man shanu ta yi wa hannun magani, ba man kaɗe ba. Inna ba ta taɓa kama sunan mijinta ba, ko a ranar ma “babanku” take cewa, in na zo kan sunan a karatu sai ta sunkuyar da kai.

Littafin bai yi kasuwa ba, in gaya muku gaskiya. Waɗanda suka karanta ba su cika ajin makaranta uku ba. Sauran na cikin kwali a ɗakina a unguwar Arkilla, inda nake zaune, gara ta fara yi musu karatu.

Ana nan Gwaggo Balaraba ta rasu, Inna kuma ta fara mantuwa. Ta ajiye carbi ta neme shi, ta yi sallah ta sake yi. A wannan shekarar ce Saifullah ya zo.

Mai shirya fim ne, matashi, mai ladabi. Har makarantarmu ya same ni, ya durƙusa ya gaishe ni kamar uwarsa. Ba zan yi masa ƙazafi ba, ya karanta littafin, har ya kawo mini wasu layuka na babin igiya da ka, idonsa ya kawo ruwa. Ni kuwa da na shekara biyar ba wanda ya ce mini ko ci kanki a kan littafin nan, sai kaina ya yi girma. Ya ce yana so ya mai da shi fim mai dogon zango, kowace Asabar kashi ɗaya. Ya tambaye ni ko ina da sharaɗi.

Na ce, “Ɗaya ne. Ka canja abin da za ka canja, kai ka san aikinka. Amma sunan ubana, da na Malami, da sunan unguwarmu, kar ka taɓa.”

Ya ce, “Shi ke nan, Malama?”

Na ce shi ke nan, na sa hannu a takarda ina murna. Ku ji wauta. Ni da bakina na ce ya canja abin da zai canja, kuma ni da bakina na hana shi canja abu ɗaya da zai cece mu. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Da fim ya fara fitowa, a farkon kowane kashi sai a rubuta da manyan haruffa: daga littafin Murja Gidaɗo, labarin gaske. Na tura wa duk wanda ke cikin wayata. Kashin farko na ɗan yi tsaki. Wanda ya fito a Baba hannunsa sumul kamar bai taɓa ɗaga diga ba, rijiyar tasu ko ƙugu ba ta kai ba, kuma sun mai da maganarmu ta Sakkwato abin ba da dariya, kamar yadda suka saba. Na ce ba komai, fim ne. A kashi na huɗu aka yi waƙa da rawa a bakin rijiya, na rufe ido. A na shida na lura Gidaɗon fim ya fara bin Balarabar fim da wani irin kallo. Amma na ce wa kaina ai ƙarshe na nan a littafi, ba yadda za su yi da shi.

Kashi na tara ne ranar rijiyar. Na zauna da yamma bayan na taso daga makaranta, na kunna. Ga rijiya ta rufta, ga mutane na ihu, ga shi tsaye da igiya. Ana yi masa magana ba ya amsawa, kamar yadda na rubuta, sai dai ba inda aka gaya wa mai kallo dalili. Kyamara ta matso kan fuskarsa, aka sa wani kiɗa mai ban tsoro, aka nuno Balaraba na kuka a gefe. Ya dube ta. Sannan aka nuno hannunsa, yana buɗe yatsu ɗaya bayan ɗaya, igiya ta sulale ta faɗa ciki.

Na kira Saifullah nan take. Abin da na gaya masa ba na maimaitawa ba ne, malamar makaranta ba ta kamata ta san waɗannan kalmomi ba. Ya bari har na gama.

Ya ce, “Malama, wallahi mun ɗauka yadda kika rubuta. Yana nan, in kina so in turo miki. Mutum tsaye da igiya, ba ya motsi, ba ya magana. A takarda kin shiga cikin ransa shafi goma sha ɗaya, ni kyamarata iyakarta fuska. Da muka haɗa muka kalla, sai ka ce mai jiran a cika masa guga. Ba wanda zai kai minti biyu bai wuce ba.”

Na ce, “Sai ka mai da shi mai kisan kai?”

“Zai tuba a gaba. Duk riƙon da ya yi wa iyalin Malami, tuban ke nan. Mutane suna son mai laifi da ya tuba fiye da wanda bai yi komai ba.”

“Bai yi komai ba? Fatar hannunsa ya bari a igiyar nan.”

Ya ce a hankali, “Na so in canja sunayen, Malama. Ke kika hana.”

Na katse kiran.

Kafin sati ya zagayo mutum sama da miliyan sun kalli kashin nan. Saifullah ya yarda ya rubuta a farkon na gaba cewa an yi ƙari a labarin, amma wa ke tsayawa karanta rubutun farkon fim? Ni ma na yi dogon bayani na sa a intanet. 'Yan tsiraru suka karanta, a cikinsu wani ya rubuto mini cewa ruwa ba ya tsami banza. Ranar da na shiga Keke zan je gida, mai Keken da bai san ni ba ya nuna mini lungunmu da baki, ya ce nan ne gidan mutumin nan da ya saki amininsa a rijiya don matar aminin. Yaron da ko haihuwarsa ba a yi ba lokacin da abin ya faru. Tsofaffin da suka tsaya a wurin da ƙafarsu duk sun kwanta dama, ba wanda zai ce masa ƙarya kake.

Da na shiga gida na iske ƙofar nan ta katanga an toshe ta da bulo, simintin ko bushewa bai yi ba. Shekara talatin da shida tana buɗe.

Na zagaya ta waje na yi sallama a gidan Yaya Ƙasimu. Ya fito zaure, bai ce in shiga ba.

Na ce, “Yaya, kai ma?”

Ya ce, “Sunanki na gani a rubuce, Murja. Labarin gaske, haka anka rubuta. Ke ɗiyarshi ta. In ba ke ba, wa zai san abin da yaf faɗi cikin ɗaki?”

Na ciro littafin daga jaka na miƙa masa. Na ce ya karanta babi na bakwai kawai, abin da na rubuta ke nan, abin da mahaifiyarsa ta ji da kunnenta ta ce haka ne.

Bai karɓa ba. Ya ce, “An ce a littafi kin rufa asiri don tana da rai. Da tar rasu kika hwaɗa ma mai fim gaskiya.”

“Wa ya ce?”

“Kowa. Ni ban san mi zan yarda da shi ba. Shekarata shida, ba abin da nika tunawa sai ihu. Amma tun da nig ga hannun nan ya buɗe, ko na rufe ido shi nika gani. Na ci tuwon mutumen nan, na sa ma ɗana sunanai. In kira yaron yanzu, sai bakina ya yi nauyi.”

Ban ji haushinsa ba, tausayi ya ba ni. Gani ya kori ji, ni kuma takarda kawai gare ni. Sai na tuna akwai ganau guda da ta rage. Na ce, “Inna tana wurin. Ita ta wanke hannun, ita ta ɗaure shi wata biyu. Abin jiya ne take mantawa, na da yana nan daram a kanta. Ka zo Juma'a bayan an sauko, ka ji daga bakinta. In ta ce ya saki, ni da kaina zan ƙara maka bulo.”

Ya ce zai zo. Ya san Inna ba ta taɓa yi masa ƙarya ba, ita ta goye shi ranar da uwarsa ta shiga takaba.

Ranar Juma'a tun da hantsi na iso gida. Khaula, matar ƙanena, ita ke kula da Inna, kuma tsakani da Allah tana ƙoƙari. Na iske ta a madafa, Inna kuma na zaune a inuwar ɗaki da waya jingine a jikin kwano, ta ƙura mata ido. Tun daga tsakar gida na gane kiɗan.

Na ce, “Khaula, me take kallo?”

Ta ce, “Fim ɗinku ne, Anti. In rigimar ta taso mata tana neman Baba, da na kunna mata sai ta natsu. Tana jin an kira sunansa sai ta yi ta murmushi. Kullum sai ta kalla, wani lokaci sau uku.”

“Har da na tara?”

“Duk a jere suke, in wannan ya ƙare wancan ya shiga.” Ta ga fuskata, ta ajiye ludayi. “Na yi laifi ne?”

Me zan ce mata? Yarinya na neman yadda za ta samu ta dafa abinci. Na kashe wayar na sa a jakata, na zauna kusa da Inna na kama hira. Ta gane ni, ta tambayi yara, ta ce na rame. Na ɗan samu natsuwa. Na so in tuna mata labarin kafin ya zo, sai na ga in na yi haka kamar na sa mata magana a baki ne, na bari.

Bayan an sauko Yaya Ƙasimu ya yi sallama. Ta ƙofar waje ya shigo kamar baƙo. Ya durƙusa ya gaishe ta, ta shafa kansa ta ce, “Ɗan Balaraba, ina kash shiga?” Na ga idonsa ya cika.

Na ce, “Inna, Yaya na son ki ba shi labarin ranar rijiya. Yadda kika gani.”

Ta gyara zama. Wallahi da ta fara sai da na ji sanyi a raina. Ta ce Laraba ce, tana tsakar daka gero ta ji ihu, ta fita ko mayafi babu. Ta faɗi gidan da ake ginin, ta faɗi waɗanda suka kawo diga. Ta ce, “Mai igiya ba ya magana, ɗana, haka aikinsu yake. Ana ta yi mai magana, shi ko shina tsaye, rana na dukanai.” Yaya Ƙasimu ya matso, har gwiwarsa na taɓa tabarmarta.

Ya ce, “Sai mi, Inna?”

Idonta ya tafi wani wuri. Sannan ta ɗaga hannunta na dama, ta dunƙule shi.

“Sai Gidaɗo yad dubi Balaraba,” in ji ta.

Tunda nake ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba. Ta faɗe shi kai tsaye, ba kunya, kamar sunan wani mutumin wani gari. Ta fara buɗe yatsunta ɗaya bayan ɗaya, daidai yadda ɗan fim ya yi.

“Yas saki. Na gani da idona.”

Na ce, “Inna, a waya kika gani. Ki tuna hannunsa. Man shanu, ke kika shafa masa, ke kika ce mini ba man kaɗe ba ne.”

Ta dube ni da mamaki. “Hannunai lafiya lau. Sumul.”

Yaya Ƙasimu bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya miƙe ya kakkaɓe gwiwarsa, ya ce, “Allah shi ƙara lafiya, Inna.” Na bi shi har zaure ina cewa ya san ba ta da lafiya, ya san fim ɗin ta kalla, Khaula ma shaida ce. Ya tsaya yana sa takalmi, bai juyo ba.

Ya ce, “Ke kika ce abin can baya na nan daram a kanta.”

Ya fita. Na ji ƙarar ƙofarsa ta wancan gefen katanga, gidan da da taku uku ne daga ɗakin Inna.

Na dawo na zauna. Ba abin da ya rage mini sai littafin, sai na ciro shi na buɗe babi na bakwai, na fara karanta mata kamar yadda na yi a wancan karon, a wannan tsakar gidan. Na karanta yadda igiya ke ja sau biyu, yadda aka ce ya ɗaure a dogonyaro ya ƙi, yadda jini ya bi igiyar yana ɗiga. Ban tsallake ko layi ɗaya ba. Inna ta natsu tana ji, tana gyaɗa kai, har na ga hawaye ya zubo mata. Na ce a raina ga shi nan, ya dawo mata, bari in gama in ruga in kira Yaya.

Da na kai ƙarshen shafi na goma sha ɗaya na rufe. Ta share ido da bakin zanenta, ta kama hannuna.

Ta ce, “Wanga mutum ya cika ɗa. Wa yar rubuta labarin?”

Na ce, “Ni ce, Inna.”

“Allah shi yi miki albarka, kin iya shirya zance.” Ta yi ajiyar zuciya, ta dubi bulon da ke katanga. “Ina ma haka babanku yay yi.”